Tsagewar fata bayan kwanciyar aure: ciwon da marasa kaciya ke ɓoyewa

Duk wanda ya daɗe yana aiki a shagon sayar da magani a nan Maradi ya san irin mutumin da ke zuwa bayan sallar isha'i, ya tsaya daga gefe yana duba kwalayen man goge haƙori har sai kowa ya watse, sannan ya matso ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi. Bayanin abokin nan kusan iri ɗaya ne kullum. Duk lokacin da ya sadu da iyalinsa, kashegari sai fatar gabansa ta yi ja, ta kumbura kaɗan, ta tsattsage kamar yadda leɓe ke yi da hunturu, idan ruwa ko fitsari ya taɓa wurin kuwa sai raɗaɗi. Bayan kwana huɗu ko biyar wurin ya lafa, ya ɗauka ya rabu da abin, da ya koma shimfiɗa sai tsagar ta dawo daidai inda take a da.

Shekaru sun koya mini in yi tambaya guda kafin in miƙa hannu ga kowane magani, ita ce ko abokin nan yana da kaciya. A garinmu wannan tambaya tana kama da zagi, domin kowa ya tashi ya ga ana tara yara da sanyin ɗari a kai su gaban wanzami, yanzu kuma da yawa tun suna jarirai ake yi musu a asibiti, saboda haka an ɗauka babu baligin namiji da ya rage. Akwai su kuwa. Akwai baƙin da kasuwanci ko aiki ya kawo daga wuraren da ba kowace ƙabila ke yin kaciya ba, wasunsu sun musulunta da girmansu sun yi aure a nan. Akwai waɗanda aka ɗage musu saboda rashin lafiya tun suna yara, kamar mai sikila ko wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri, har shekaru suka wuce kunya ta rufe maganar. Akwai kuma waɗanda aka yi musu amma aka bar fata da yawa, har tana rufe kan azzakari idan yana kwance, kuma su ma matsalar tana samunsu kamar waɗanda ba a taɓa ba. A duniya ma dai marasa kaciya su ne suka fi yawa, don masu ita ba su wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na maza ba, kuma mafi yawan sauran suna rayuwar aurensu lafiya lau. Loɓa, wato fatar da ke rufe kan azzakari, ba cuta ba ce. Amma idan ta fara tsagewa a kai a kai, to akwai dalili, kuma dalilin ne ya kamata a nema.

Wanda ya sa na zauna rubuta wannan wani ɗan kasuwa ne da ya haura shekara arba'in, mai mata biyu, wanda ya musulunta yana saurayi bai kuma taɓa samun ƙarfin halin zuwa a yi masa kaciya ba. Sau uku yana zuwa da sunan aboki, a na huɗu ya gaji ya ce, "Malam, ni ne dai, kuma wata takwas ke nan ina fama." Na ce masa, "Alhaji, ai na sani tun zuwanka na biyu, zauna mu yi magana." A cikin watannin nan takwas babu abin da bai gwada ba: ya wanke wurin da sabulu mai kashe ƙwayoyin cuta sau uku a rana, ya zuba ruwan wanke rauni a buta yana tsarki da shi, ya sha kafso kala-kala daga masu tallar magani a faranti, ya sha jiƙon maganin sanyi, ya kuma shafa man nan mai haɗi uku da mata ke saye don gyaran fuska. Kowanne ya ba shi sauƙin kwana biyu, sannan abin ya dawo ya fi na da.

Abin da bai fahimta ba, kuma mutane da yawa ba su fahimta ba, shi ne yadda tsaga ke haifar da tsaga. Bakin loɓa zobe ne mai talewa, yana buɗewa idan an ja fatar baya ya kuma koma yadda yake. Idan ya tsage ya warke, tabo ne ke maye gurbin, shi kuwa tabo ba ya talewa kamar lafiyayyar fata. A saduwa ta gaba zoben ya riga ya ɗan ƙara matsewa, saboda haka ya fi saurin yagewa, sabon tabo ya hau kan tsohon, a haka har mutumin da a da yake jan fatarsa baya ba tare da tunani ba ya wayi gari ba ta wuce rabin kai. Likitoci na kiran wannan matsewa fimozis. Duk wanda ya taɓa fama da faso a diddige ya san irin wannan: muddin ana takawa a kai ba a bar shi ya haɗe ba, ƙara zurfi yake yi.

Na roƙi Alhaji abu guda kafin komai, ya je da sassafe bai ci komai ba a auna masa sukarin jini. Ya dube ni kamar na kauce hanya, ya ce shi ba ciwon sukari ya kawo shi ba. Na tambaye shi sau nawa yake tashi fitsari da dare, ya ce uku ko huɗu, amma ai zafi ake yi yana shan ruwa da yawa. Na tambaye shi ko ya rame, ya ce wandunansa sun yi masa yawa, ya ɗauka zirga-zirgar kasuwa ce. Da sakamakon ya fito, sukarinsa ya haura giram 2 a lita. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne, idan mutum bai ci komai ba aka sami giram 1.26 a lita ko fiye, aka kuma maimaita a wata rana aka sake samun haka, to ciwon sukari ne. Masu zuwa awo Katsina za su ga an rubuta musu da wani ma'auni, 126 ko kuma 7.0, duk abu ɗaya ne.

Alaƙar ba ta da wuyar ganewa. Idan sukari ya wuce wajen giram 1.8 a lita a cikin jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi duka, sai ya riƙa fita cikin fitsari, abin da tsofaffi suka lura da shi tuntuni da suka ga tururuwa na taruwa inda mai ciwon ya yi fitsari. Wanda ke da loɓa, ɗigon fitsarin nan mai zaƙi yana maƙalewa a ƙarƙashinta, wuri mai ɗumi da laima, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Maradi ke haura digiri 40. Akwai wata ƙwayar cuta dangin yis da ake kira kandida, wadda ke zaune a jikin mutane da yawa ba ta cutar da su, amma da ta sami sukari da laima sai ta yaɗu, ta sa kan azzakari ya yi ja da ƙaiƙayi, wani farin abu kamar cukui ya taru, bakin loɓa kuma ya yi tsaga-tsaga a tsaye kewaye da zoben. Ga maza da yawa wannan ce alamar farko da ke tona ciwon sukarin da ya daɗe a jiki ba a sani ba. Shi ya sa a ganina duk baligin da loɓarsa ke tsagewa tana dawowa, awon sukari ne farkon abin da zai kashe wa kuɗi, kuma bai kai kuɗin kwalin man shafawa biyu ba. Wanda ya riga ya san yana da ciwon kuma, ya sani cewa wasu sababbin magungunan sukari, irin su dafagilifulozin, aikinsu shi ne fitar da sukari ta fitsari, don haka suna ƙara kawo wannan matsala, sai ya gaya wa likitansa maimakon ya daina sha da kansa.

A nan ne na yi wa Alhaji raha cewa shayi biyu ne ke gabansa, na fada da zai rage wa sukari da kuma na wanzami da ya daɗe yana gudu. Ya yi dariya a karo na farko tun da ya fara zuwa.

Ba kowa ne sukari ke damunsa ba. Da yawa tsabtar da ta wuce kima ce ke cinye su. Fatar cikin loɓa da ta kan azzakari siririya ce kamar ta cikin leɓe, sabulu mai ƙamshi da ruwan wanke rauni suna kwashe maiƙon da ke kare ta, ta bushe ta yi ja, mutum ya ga jan ya ɗauka datti ne ya ƙara sabulu. Abin da ake bukata bai wuce a ja fatar baya a hankali sau ɗaya a rana a wanke da ruwa zalla, a tsane da ƙyalle mai tsabta, a mayar da ita mazauninta ba. Lokacin fitsari ma a ja ta baya kaɗan don kada ya taru a ciki, bayan tsarki kuma a tsane kafin a ɗaura wando. Direbobin manyan motoci da ƴan kabu-kabu da ke wuni a zaune cikin gumi su fi kowa kula da wannan, su kuma zaɓi gajeren wando na auduga maimakon na roba.

Sai kuma gogayya, wadda maganarta ta fi nauyi a baki domin ta shafi mutum biyu. Idan mace ba ta jiƙe ba, fatar namiji ce ke jan wahala tare da tata. Mai shayarwa da wadda al'adarta ta ɗauke sukan sami bushewa saboda sauyin sinadaran jiki, ba don ƙin miji ba, gaggawar maigida kuma tana ƙara abin. A kan wannan aka ɗora kayan matsi da wasu mata ke cusawa, waɗanda aikinsu busar da wurin ne, aka kuma ɗora tiramol da magungunan ƙarfin maza da ake sha don a daɗe. Bushewa daga ɓangare ɗaya, daɗewa daga ɗayan, ga fata siririya a tsakani, ban ga yadda za a yi ba ta yage ba. Man saduwa mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a shagunan magani yana rage wannan sosai. Mai amfani da kwaroron roba kuma ya nisanci Vaseline da man kaɗe da duk wani mai, domin mai yana lalata robar ta fashe.

Akwai wanda tsagarsa wuri ɗaya ce tak, a ƙarƙashin kai, inda wani siririn zaren fata ya haɗa loɓa da kan azzakari. Wasu an halicce su da zaren nan gajere, idan gaba ya miƙe sai ya ɗaure kamar tsirkiya, ya tsinke ya zubar da jini mai tayar da hankali saboda akwai ƴar jijiyar jini a ciki. Idan haka ta faru a danne wurin da ƙyalle mai tsabta na minti goma ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, in bai tsaya ba a tafi asibiti. Idan yana maimaituwa, akwai ƙaramin aiki da ake yi da allurar kashe zafi a tsawaita zaren, ba sai an cire loɓar ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wani ciwon fata da likitoci ke kira liken mai taurara fata. Alamarsa ita ce bakin loɓa ya yi fari fat, ya yi ƙyalli da tauri kamar an ɗaura zare, wani lokaci farin ya bazu har ƙofar da fitsari ke fita ya matse ta, fitsari ya riƙa fita siriri ko a warwatse. Ba a ɗaukarsa wurin mace, ba a kuma shafa mata, maganin kandida kuwa ba ya yi masa komai. Ana magance shi da man kilobetazol mai ƙarfi na wata ɗaya zuwa uku a ƙarƙashin kulawar likita, in bai ji ba a yi kaciya, wadda ke warkar da mafi yawan masu shi. Barinsa shekara da shekaru yana ƙara haɗarin kansar azzakari, ko da yake ba kowa ke kaiwa can ba. Abin takaici, irin wannan sinadari mai ƙarfi shi ne a cikin mayukan bilicin da ke cike da kasuwa, kuma wanda ya shafa shi a kan kandida ba tare da an duba shi ba zai ji ƙaiƙayi ya kwanta, alhali ƙwayar cutar tana ƙara yaɗuwa fatar kuma tana ƙara sirancewa. Wannan ne ya sami Alhaji da man fuskar da ya yi wata biyu yana shafawa.

Kafson da ake sha barkatai ma yana da nasa laifin ta hanya biyu. Yana kashe ƙwayoyin da ke hana kandida yaɗuwa a jiki, sai ta sami fili. Sannan wasu magunguna, musamman kotirimokzazol da aka fi sani da Bactrim da kuma tetirasikilin, suna sa wa wasu mutane wani jan tabo mai zagaye da kan saɓule, wanda ke fitowa wuri ɗaya duk lokacin da aka sha maganin, kuma kan azzakari yana cikin wuraren da ya fi so. Mutum ya sha maganin don ciwon, alhali maganin ne ciwon.

Ba zan tsallake cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ba. Harfis yakan zo da ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke fashewa su bar gyambo mai zogi, ya warke ya dawo, wani lokaci kuma kamar ƴar tsaga kawai yake bayyana. Tunjere yakan fara da gyambo guda marar zafi wanda ke ɓacewa da kansa cutar tana nan a jini. Kowace tsaga kuma ƙofa ce ga ƙwayar SIDA, wato ƙanjamau. Manyan gwaje-gwaje uku da aka yi a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, da Kisumu ta Kenya, da Rakai ta Yuganda sun nuna kaciya tana rage haɗarin namiji ya ɗauki cutar daga mace da wajen kashi 60 cikin ɗari, a kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin ta a 2007 a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Ragi ne, ba kariya cikakkiya ba. Duk gyambon da ya kai mako uku ko huɗu bai warke ba, ko ya yi tauri, ko yana zubar da jini ko wari, dole likita ya gan shi da idonsa, kwatance a shagon magani ba ya wadatarwa.

Da likita ya tabbatar wa Alhaji kandida ce, maganin bai da tsada: man kilotirimazol safe da yamma na mako biyu, da maganin sukari, da barin sabulu. Abin da ya fi masa wuya shi ne sharaɗin a huta da saduwa har fatar ta haɗe sarai. Ya ce mini, "Malam, mai mata biyu ina ya ga hutun mako uku? Wadda ke da girki za ta ce na juya mata baya, ɗayar ta ce an yi mini wani abu." Na tuna masa abin da malamai ke faɗa, cewa rabon da aka wajabta na kwana ne, yana iya kwana a ɗakin kowacce ranar girkinta ba tare da ya kusance ta ba. Na kuma ba shi shawara ya gaya musu gaskiya su biyun, domin shiru ne ke haifar da zargin sammu da zargin bin mata, alhali kandida ba shaidar zina ba ce, tana kama wanda bai taɓa sanin kowa ba sai matarsa. Wadda ke jin ƙaiƙayi ko ganin farin ruwa mai kauri a cikinsu ita ma ta je a duba ta. Ya yi kwana biyu yana juya maganar kafin ya iya furta ta. Uwargidan ce ma, in ji shi, ta ce ita ta daɗe da lura yana cije baki idan ya shiga bayi.

Jan ya tafi, ƙaiƙayin ya tafi, amma zoben da wata takwas na tabo suka gina bai saki ba. Likita ya gwada masa man betametazon na wasu makonni tare da jan fatar a hankali kullum, ya kuma gargaɗe shi kada ya taɓa jan ta da ƙarfi ya bar ta a bayan kai. Matsattsiyar loɓa idan ta maƙale a can tana shaƙe kan azzakari, ya kumbura ya yi duhu, jini ya kasa komawa, wannan kuwa ba abin da ake jira gari ya waye ba ne, a daren ake tafiya asibiti. Man ya ɗan sassauta zoben amma tsagar ta sake dawowa sau biyu, daga nan shi da kansa ya ce a yi kaciyar a huta.

Na hana shi zuwa wurin wanzami, ba don raina sana'ar ba. Kaciyar baligi ba irin ta yaro ba ce, jijiyoyin jini sun yi kauri sai an ɗaure su an yi ɗinki, mai ciwon sukari kuma rauninsa yana jinkirin warkewa yana saurin ruɓa, don haka likitan tiyata bai yarda ya taɓa shi ba sai da sukarin ya sauka ya zauna. Game da addini kuma, wanda shi ne ya fi cin ransa shekara ashirin, wani malami da ya amince da shi ya gaya masa cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi kaciya sunna ce mai ƙarfi, ba sharaɗin shiga Musulunci ba ce, sallolinsa da aurensa suna nan daram.

An yi aikin da sanyin Disamba, da allurar kashe zafi, bai kai awa guda ba ya dawo gida a ranar. An ce ya yi mako shida bai kusanci iyali ba, ya kuma cika su. Kwana goman farko da zane ya yi su a tsakar gida kamar yaran da aka fito da su daga hannun wanzami, maƙwabta da abokan kasuwa da suka zo dubiya kuwa aka ce musu aikin ƙaba aka yi masa. Har yanzu yana zuwa shagon duk wata sayen maganin sukari da tsinken awo, da rana tsaka, cikin mutane.